Igiyar roba a tanti da kwalekwale: littafin aikina tun daga Maris

Asabar, 8 ga Maris, 2025

Abu uku ne suka taru suka sa na buɗe wannan littafi. Na farko sandunan tantina. Igiyar da ke cikinsu ta mutu murus, in ka ɗaga sanda sai gaɓoɓinta su watse kamar tsintsiyar da maɗaurinta ya tsinke. Na biyu igiyoyin saman kayak ɗina, ɗan kwalekwalen nan na mutum ɗaya mai rufaffen sama. Sun saki har gorar ruwa ba sa iya riƙewa. Na uku tamfol, wanda ban taɓa kwana ƙarƙashinsa ba tare da na tashi cikin dare na ƙara ɗame shi ba. A lissafina maganin ukun ɗaya ne: igiyar roba mai riga.

Na sayo kauri uku, milimita 2.5 don sanduna, milimita 4 don tamfol da ƙananan ɗaure-ɗaure, milimita 5 don kwalekwale. Kafin in taɓa komai sai da na yanki guntu na farke shi da reza don in ga abin da na saya. A ciki silayen roba ne sirara, jere da juna tsawon igiyar. A waje kuma riga ce saƙaƙƙiya ta zare. Robar ce ke talewa tana komawa, rigar kuwa tana tare mata rana da gogayya, sannan ta taka mata burki in talewar ta kai iyaka. Yawancin irin wannan igiya takan kai kusan ninki biyu na tsawonta kafin saƙar ta ƙulle. Na zaɓi mai rigar poliyesta saboda ta fi ta nailan jure rana, kuma ba ta shan ruwa sosai.

Na kuma kafa ɗan gwaji, tunda gani ya kori ji. Guntu huɗu na mai milimita 4, kowanne santimita 50. Na ɗaya na jefa shi a durowa. Na biyu na rataye shi a rana, a sake. Na uku na tale shi zuwa santimita 75 tsakanin ƙusa biyu a inuwa. Na huɗu na tale shi zuwa 95 a inda rana ke dukansa wuni guda. Ba zan taɓa su ba sai bayan wata uku ko fiye.

Da yamma na zauna na lissafa wurare 11 da nake son sa igiyar. Ƙanena ya leƙa takardar ya ce, "Yaya, saura ka ɗaure wandonka da ita." Na ce masa ai tuni tana nan a ƙugun wandon, shi ne bai lura ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Sanduna. Guda biyu ne na alminiyum, kowace gaɓa 9, tsawonta a haɗe santimita 360.

Abin da ya cece ni shi ne lambar da na rubuta wa gaɓoɓin, 1 zuwa 9, tun kafin in yanke tsohuwar igiya. Ido yana ganin su iri ɗaya, amma na bakin biyu sun bambanta, kuma ta tsakiya tana da ɗan lanƙwasa da ta ɗauka saboda daɗewa. Na zare hular bakin sanda, na ɗaura sabuwar igiya a wutsiyar tsohuwa da niyyar in jawo ta ciki a sauƙaƙe. Tsohuwar ta tsinke a gaɓa ta uku. Dole na koma zura ta gaɓa-gaɓa da siririyar waya.

A sandar farko na yi kuskure. Na auna santimita 240 na yanke, wai in ta ɗame sosai gaɓoɓin za su riƙa shigewa da kansu. Sun shige kuwa, da ƙarfin da ya datse min fatar ɗan yatsa. Da na zo naɗe sandar sai na ga ainihin matsalar: kowane lanƙwaso yana cin nasa tsawon igiya, kafin in kai gaɓa ta bakwai ta zama tsirkiya, ƙullin baki yana neman fizge hular. Na kwance, na yi asarar wannan guntun.

Karo na biyu ban yanke ba sai a ƙarshe. Na ƙulla baki ɗaya, na zura duk gaɓoɓin igiyar tana manne da naɗinta, na yi alama a santimita 270, wato kashi uku cikin huɗu na tsawon sanda. Ƙanena ya riƙe, na ja har alamar ta leƙo, na danne da filaya, na yi ƙulli na wucin gadi. Sai da na naɗe sandar na warware sau uku na ga ta yi daidai, sannan na yanke, na bar rarar santimita 10 na cusa ciki. Ranar da igiyar ta fara saki zan iya rage ta, in kuwa ta yi tsauri akwai abin ƙarawa.

Abu biyu na tsinta a hanya. Bakin gaɓa ta biyar yana da kaifi, kuma daidai nan tsohuwar rigar ta fi cinyewa; na goge shi da samfefa. Sannan naɗe sanda daga tsakiya ake fara shi, a raba ta biyu, a sake raba kowane rabi. Ta haka talewar take rarrabuwa. Shekara da shekaru daga baki nake farawa, ina tara wa gaɓoɓin ƙarshe wahalar duka.

Asabar, 15 ga Maris

Wunin yau a kan yanka da ƙulli ya ƙare, ban ɗaura komai a ko'ina ba.

In ka yanke ta haka kawai da almakashi, robar takan shige ciki ta bar rigar tana warwarewa. Igiyar nailan ta yau da kullum da wuta ake rufe bakinta, amma a nan wuta rabin aiki take yi: rigar tana narkewa, robar kuwa ƙonewa take, ta yi wari, ta koma wani baƙin danƙo mai ɓata hannu. Dabarar da ta yi min ita ce in naɗa salatif a wurin, in yanke ta tsakiyarsa da reza, in ɗan jawo rigar ta zarce robar, sannan in nuna mata wuta kaɗan ta haɗe baki.

Ƙulli ne ya ba ni mamaki. Ƙulli yana riƙewa ne saboda igiya tana matse 'yar'uwarta. Ita kuwa wannan duk lokacin da aka ja ta sai ta rame, in aka sake ta ta kumbura, kuma a tsakanin ramewa da kumburin nan wutsiyar take sulalewa kaɗan-kaɗan. Na gwada ƙulli huɗu, kowanne na ja na saki sau 50. Ƙullin da ake ɗaure takalmi da shi bai kai 20 ba ya warware. Bolin, wanda matuƙan jirgi ke ji da shi, kuma ni ma na yarda da shi a igiya mai tauri, a nan ya yi ta buɗe baki har na daina ƙirga masa. Ƙullin masunta mai ninki biyu bai motsa ba, sai dai in ya kama ya kama ke nan, wuƙa ce kawai ke raba ku. Na huɗun shi ne wanda ya ci sunan jiragen balan-balan na Zeppelin: ya riƙe, kuma na iya kwance shi da yatsa. Shi zan yi amfani da shi inda nake sa ran gyara, na masunta kuma inda ba na son komawa.

Ko wanne ne, sai an tale igiyar yayin ɗame ƙullin, a ja kowace ƙafa daban, a bar wutsiya mai tsawo. Akwai kuma zoben ƙarfe da ake matsewa da filaya, ya fi tsari a ido, amma in ba ƙarfen da ba ya tsatsa ba ne bai kamata ya kusanci ruwa ba. Na fi son naɗi da zare mai kaki: ka tale ƙafa biyun tare, ka naɗe su tam suna a rame, in ka saki su kumbura a cikin naɗin.

Lahadi, 23 ga Maris

Na rataye mita ɗaya na mai milimita 5, na riƙa ɗora mata gorunan ruwa, lita ɗaya kilo ɗaya. Da kilo 2 ta kai santimita 110 kacal. Da 3 ta kai 130, da 4 ta kai 155, da 5 ta kai 180. Daga nan ta fara taurin kai: kilo 6 ya kai ta 195, kilo 8 bai wuce da ita 200 ba, saƙar ta ƙulle. Wato tana da gardama a farko, laushi a tsakiya, tauri a ƙarshe. Wurin aikinta tsakiyar nan ne. Duk wanda ya ɗaure kaya da ita tana dab da iyaka, igiya mai tauri ya ɗaura, kuma marar ƙarfi.

Da na maimaita, ta fi saurin talewa a zagaye na biyu. Halin roba ne, jan farko ya fi na bayansa tauri. Daga yau sai na tale sabuwar igiya sau da yawa kafin in auna.

Wani abin da ya ɗauke min hankali, ko da yake ba ya cikin aikin: in ka fizgi silin roba ka ɗora a leɓe za ka ji ɗumi, in ka sake shi ka ji sanyi. Wani Bature ɗan Ingila, John Gough, wanda makaho ne, ya lura da haka a 1802, ya kuma gano cewa robar da ke a tale in ta ji zafi tsukewa take yi, saɓanin ƙarfe. Masanin kimiyya James Joule ya bi diddigin abin a shekarun 1850. Ashe wannan na cikin dalilan da igiyar sanda take yin lagwas da sanyin asuba, ta farfaɗo in rana ta ɗaga. Da can ina ɗauka tsufa ne kawai.

Asabar, 5 ga Afrilu

Kwalekwale. Ban huda ko rami ɗaya ba, na bi idanun da ke jikinsa tun asali. Gaban mazauni na yi gicciye biyu don taswira da gora, baya na yi uku don jakar kaya da filafilin ko-ta-kwana. Na tale su kaɗan kawai, kamar kashi ɗaya cikin biyar, don su bar wa kaya wuri.

Da na ga igiya ta rage sai na cire tsohuwar igiyar da ta zagaye gefen kwalekwalen daga hanci zuwa wutsiya, wadda ta koɗe ta yi kaushi, na maye ta da ta roba. Ya yi kyau ƙwarai. Na tsaya ina kallonsa kamar sabo.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na kai shi tafki. Ina saukewa wani dattijo da ke da ƙaramin jirgi mai tafiya da iska ya zo ya tsaya kaina. Mun saba gaisawa, ba mu taɓa doguwar hira ba. Ya sa yatsa ƙarƙashin igiyar gefen ya ɗaga ta har kusan gwiwarsa, ya saki ta yi tas.

Ya ce, "Ɗana, wa ya sa maka wannan?"

Na ce, "Ni na sa, Baba."

Ya ce, "To shiga ruwa ka kifar da shi, ka hau in gani."

Da rigar ceto a jikina, a inda ruwa ya ɗan fi tsayina, na kifar da shi na mayar. Na kama igiyar gefe don in jawo ƙirjina bisa bayansa. Na ja, igiya ta biyo ni, kwalekwale yana nan inda yake. Na ƙara ja, ta ƙara biyo ni, har ta kai iyaka, sannan ya zaburo ya buge ni a haɓa. Sau uku ina gwadawa. A ruwa mai kwanciya ke nan, babu iska, babu igiyar ruwa, ga mutum tsaye a gaɓa yana kallo. Na huɗu na haƙura da igiyar na kama bakin mazauni.

Da na fito bai yi min dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya ce igiyar gefe ba ado ba ce, ita ce hannun da kwalekwale ke miƙa wa wanda ya faɗa ruwa, da ita kuma wani zai riƙe naka in ya zo cetonka, ko ya ja shi. Dole ta zama marar talewa, a sake ta daidai yadda yatsu za su shige ƙarƙashinta, ko da sun ƙage da sanyi. Ya nuna min dabarar zura ƴan ƙwallaye a jikinta don su ɗaga ta daga jikin jirgi. Gicciyen gaba da na baya kuwa ya ce ba laifi, amma kada in ɗora musu abin da in ya ɓace zan shiga uku. Igiyar ruwa ɗaya mai ƙarfi tana zare gora daga ƙarƙashin roba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na cire ta. Na sa poliyesta mai tauri, milimita 6, da ƙwallaye takwas. Na soke layi ɗaya daga cikin 11.

Asabar, 26 ga Afrilu

Yau saura ƙiris aikin nan ya zama abin da-na-sani.

Muna ɗora kwalekwale a kan mota. Ina da tsofaffin igiyoyin roba masu ƙugiyar ƙarfe a baki biyu, irin waɗanda kowa ke da su a but. Ƙanena ya maƙala ƙugiya ɗaya a can ɗaya gefen, ya zagayo yana jan ɗayar zuwa ƙirjinsa, fuskarsa a kan layin igiyar. Ta can ta suɓuce. Ban ga tafiyarta ba, ƙara kawai na ji, sai ga shi dafe da goshi. Ta same shi a saman gira, ta fasa fata. Faɗin yatsa biyu ne tsakaninta da ido. Garin neman gira a rasa ido, yau na ga inda karin maganar ya kusa zama labari.

Da jinin ya tsaya ya ce, "Yaya, wannan ma tana cikin sha ɗayan?" Na ce tana ciki, amma ta fita.

Na duba ƙugiyar: bakinta ya buɗe saboda daɗewa, siririyar waya ce da aka lanƙwasa aka tsoma a roba. Ba banza ba a Ostareliya doka ta wajabta a manna wa irin waɗannan igiyoyin kaya takardar gargaɗi, kan kada a tale su fiye da kima, a kawar da fuska daga hanyar dawowarsu, a daina aiki da wadda ta fara lalacewa. Likitocin ido sun daɗe da sanin wannan rauni.

Ko ba don ido ba, ɗaure jirgi a kan mota da roba wauta ce da na daɗe ina yi. In mota ta faɗa rami kayan yakan ɗaga, robar ta ba shi hanya, iska ta shige ƙarƙashi. Yanzu ɗamara biyu masu faɗi marasa talewa nake sawa, masu maƙulli, da igiya a hanci da wutsiya. Masu ƙugiya duka na yanke ƙugiyoyin na zubar. A madadinsu na yi zobba na mai milimita 4, kowanne da ƙwallon leda a ƙullinsa: ka zagaya kaya, ka saƙala zoben a wuyan ƙwallon. In ya kuɓuce ba shi da nisan tafiya, ba shi da kaifi. Da su nake naɗe shimfiɗar kwana yanzu.

Asabar da Lahadi, 10 da 11 ga Mayu

Kwanan daji na farko tun da na fara. Sandunan tanti sun yi lafiya lau, ba abin faɗa.

Tamfol ne labari. Nawa na nailan ne, shi kuwa nailan yana shan laima ya miƙe. Ka ɗame shi da yamma kamar fatar ganga, raɓa ta sauka ko a yi yayyafi, kafin tsakar dare ya yi tumbi yana taɓa maka fuska. Na poliyesta bai cika yin haka ba, amma wanda nake da shi ke nan. Dabarata ita ce in sa roba a kowace igiya don ta riƙa shanye sakin. Na yi hakan a duka takwas ɗin: rabin mita na roba daga idon tamfol, sannan igiya zuwa turke. Har igiyar tsakiya da ke ɗauke da dukan tamfol ɗin tsakanin bishiya biyu na sa mata.

Farkon dare na yi ta yabon kaina. Wajen ƙarfe biyu iska ta taso. Tamfol ya fara numfashi, ya kumbura ya lotsa, duk bugu ɗaya robar ta ba shi hanya ya ƙara buɗe ciki ya kamo iska. Tsakiyar ta sauko, ruwa ya taru a kwarin da ta yi. Can sai na ji wani abu ya wuce fiu, ya bugi tamfol. Turken kusurwar da ke fuskantar iska ne ya tumɓuke, robar da ke a tale ta harbo shi kamar dutse daga danƙo. Da safe na ga ramin da ya huda, daidai inda kaina yake da na zauna. Sau biyu ke nan cikin mako biyu.

Da gari ya waye na zauna na sake tunani. Laifin a jerin yake: na sa roba da igiya bi da bi, duk nauyin yana ratsa robar, kuma ba abin da ke tsayar da ita. Gyaran shi ne igiya mai tauri ta tafi ɗungurungum daga tamfol zuwa turke ba yankewa, robar ta hau gefenta. Na yi ƙananan zobba biyu a jikin igiyar, tsakaninsu santimita 25, na haɗa su da roba mai santimita 15. In ba a ja ba igiyar tana yin ɗan lanƙwaso a wurin. In ka ɗame har lanƙwason ya miƙe, igiya ce ke ɗauke da iska. In tamfol ya saki cikin dare, robar ta tsuke ta shanye har santimita 10. In turke ya fita, ƙarfin da ke ajiye ɗan kaɗan ne. In robar ta tsinke ma ba abin da ya faɗi.

Igiyar tsakiya na cire mata roba gaba ɗaya, haka kusurwa biyu na gefen iska. Turaku kuma na karkata kawunansu nesa da tamfol, na nutsa su har wuya.

Asabar, 24 ga Mayu

Baba ya ce in zo in taya shi gyaran jirginsa, in ga inda roba ke da gida. Ya fi ni amfani da ita nesa ba kusa ba, wannan ya ba ni mamaki bayan abin da ya yi min a watan jiya. Igiyoyin da ke ɗaga ƙyallen iska, in jirgi yana ajiye, sukan yi ta dukan doguwar sandar tsakiya dare da rana. Ya ja su gefe da ɗan guntun roba, shiru. Ƙyallen in an sauke an naɗe, zobban roba ne ke riƙe shi. Murfin da yake lulluɓe jirgin, roba ce zagaye da bakinsa. Sandar tuƙi ma yana da wata da yake saƙala mata don ta tsaya tsakiya in zai saki hannu na ɗan lokaci.

Na lura da abu ɗaya: duk inda ya sa ta, in ta tsinke ƙara ce za ta dawo, ko ƙyalle ya warware, ko murfi ya ɗaga. Babu inda jirgi zai tafi ko mutum ya nutse.

Na tambaye shi batun igiyar ɗaure kwalekwale a gaɓa, don tana cikin lissafina, wai roba za ta rage fizga. Ya ce, "Ɗana, in kana son sassauci a nan, nailan mai murɗi uku ka nema. Yana bayarwa daidai gwargwado, kuma yana da ƙarfin da zai riƙe. Shi ya sa ake igiyar anga da shi, ƙarfen nan da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi." Abin dariya, halin nailan ɗin da ya hana ni barci a ƙarƙashin tamfol shi ne alherinsa a nan. Na soke wannan layin ma.

Ya nuna min wani zoben ƙarfe da ya matse wata igiya da shi bara. Tsatsa ta ci shi ta rina rigar, ta cinye zaren. Ya ce ko cikin ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 316 ya fi mai 304 jure ruwan gishiri. Muka yanke, na yi masa naɗin zare. A nan kaɗai na koya masa abu.

Asabar, 21 ga Yuni

Mako 15 cif da kafa gwaji. Na sauke guntayen, na bar su awa ɗaya su huta, na auna.

Na durowa 50, kamar jiya aka yanke shi. Na rana da ke a sake shi ma 50, launi ya ɗan koɗe, ƙarfinsa yana nan. Na inuwa da aka tale ya tsaya a 53. Na huɗu ya tsaya a 59, rigarsa ta yi yaushi tana tattarewa, in ka bi shi da yatsa kana jin wurare sun rame. Na farke shi. Silayen sun yi tsage-tsage ƙanana a gicciye, kamar faso a diddige, wasu sun tsinke ɗungum.

Da rana kaɗai nake zargi. Amma wanda ya sha rana a sake bai yi komai ba, wanda aka tale a inuwa ya fara gajiya, wanda ya haɗa biyun ya mutu. Tsagewar gicciyen nan alama ce sananniya ta iskar ozon, wadda ke cin roba musamman in tana a tale, shi ya sa tsagar take yanke hanyar ja. Dafa roba da farar wuta, wanda Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844, ya raba ta da narkewa a zafi da sandarewa a sanyi, amma bai raba ta da wannan ba. Guntu huɗu ba hujja ba ce ta a-zo-a-gani, na sani, sai dai sun ishe ni canza hali.

Da na koma gida na duba kwalekwale, ashe tun Afrilu filafilin ko-ta-kwana yana maƙale ƙarƙashin gicciyen baya, yana tale shi dare da rana. Na zare shi. Robar murfin da na yi wa mazauni ma na sassauta ta. Sandunan tanti na fito da su daga jaka na haɗa su a miƙe bisa katako, tunda a naɗe ne igiyar cikinsu ta fi taluwa.

Asabar, 5 ga Yuli

Kwana na biyu a daji, da ruwan sama sosai daga ƙarfe ɗaya har asuba. Tamfol ya saki kamar kullum, robobin gefe suka shanye, ban tashi ba. Da safe na ga biyu sun tsuke har ƙarshe, alamar santimita 10 ya yi kaɗan a dogayen gefuna. Zan mayar da tazarar 30, robar 17. Ƙulli ɗaya na Zeppelin ya ci wutsiyarsa har saura kaɗan, na gajarta ta tun farko ne. Na sake shi.

Takardar wurare 11 yanzu: shida an yi, huɗu an soke. Saura igiyar da za ta haɗa filafili da kwalekwale don kada ya tsere in na saki. Na yanka ta tun Mayu, mita ɗaya da rabi, tana rataye ban ɗaura ba. Abin da ke tsayar da ni shi ne in na kife tana iya naɗe min ƙafa ko wuya. Baba ya ce Asabar mai zuwa in zo da ita da wuƙa a aljihun rigar ceto, in kife da gangan a ruwa marar zurfi yana tsaye, sau biyar da ita, sau biyar babu ita. Ƙanena ya ce zai zo ya riƙe agogo, amma daga nesa zai tsaya.

Na kuma kafa sabbin guntaye biyu a kan ƙusoshin nan, ɗaya mai rigar nailan ɗaya mai poliyesta, duka a santimita 65. Zan sauke su 18 ga Oktoba.